Megawat Goma A Allo, Nawa Ke Isowa Kwan Fitila?

Wannan makon juyi ya zo kaina, kuma ina neman ku yi mini haƙuri, don zan shigar da ku lissafi kaɗan. Na yi alƙawarin ba zai fi lissafin adashe wuya ba.

Duk wanda ya tashi a gari irin namu Kiyako ya san ranar shiƙa. An gama sussuka, gero yana tare, ƙorai suna hannu, amma babu abin da za a yi sai iska ta taso. Wata rana tun hantsi an gama an kwashe. Wata rana kuma a wuni ana ɗaga ƙwarya, ƙaiƙayi yana faɗowa tare da tsaba. Kakata ta san lokutan iska fiye da yadda na san lambar wayata, duk da haka ban taɓa ganin ta ɗora tuwon dare a kan shiƙar ranar ba. Kullum akwai tsabar jiya a ajiye. Tana amfani da iska sosai, tana kuma sane da iyakar abin da za ta iya dogara da shi a kanta.

Abin da ya tuna mini da ita shi ne duhun da aka yi a watan Oktoban 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace a hannun 'yan ta'adda, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ke biyowa ta Makurɗi, ya samu matsala. Mafi yawan jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wuta. Masu walda suka zauna, masu ƙanƙara suka rufe, cajin waya ya koma sai mai janareto. Wani dare a majalisarmu wani ƙanenmu ɗan makaranta ya ce: "Baba, da za a kafa mana fankokin nan na iska a kan duwatsun Birnin Kudu, ai da mun rabu da NEPA har abada." Dattijon da yake magana da shi ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, iska ba ta da alƙawari. Wa ya taɓa ba ta ajiya?"

Tun daga daren nake juya maganganun nan biyu. Ra'ayina shi ne kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Iska tana iya ba mu wuta, kuma ana iya sanin gwargwadon yadda za a dogara da ita, domin akwai ilimi guda da aka gina a kan wannan tambaya. Kuskurenmu, mu da shugabanninmu da 'yan jaridarmu, shi ne muna tafa wa lambar da aka rubuta a allon aiki, ba ma tambayar lambar da za ta iso kwan fitila bayan magariba.

LAMBAR RIMI

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai gonar iska ta farko mai girma a Najeriya. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro maganarta yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓi aikin. Kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo injinan: guda 37, kowanne mai ƙarfin kilowat 275. Idan ka ninka, za ka samu megawat 10 da ɗan ɗori. A watan Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, daga masaukinsa a Rimi. Ƙungiyar Ansaru ta ce ita ta ɗauke shi, kuma sai a watan Nuwambar 2013 ya kuɓuta da kansa. Aiki ya tsaya, sannan aka shafe fiye da shekara goma ana sa ranar kammalawa ana ɗagawa.

A duk tsawon shekarun nan, jimla ɗaya ce take yawo a jaridu da bakin jami'ai: megawat 10. Wanda ya ji zai ɗauka ranar da aka buɗe wurin, Katsina ta samu megawat 10 dare da rana, kamar an buɗe famfo. Ko da kowane inji yana da cikakkiyar lafiya, hakan ba zai faru ba, kuma masu ƙera injinan ba su taɓa cewa zai faru ba. Megawat 10 shi ne abin da wurin zai bayar a sa'ar da iska ta kai ƙarfin da injinan suka fi so. Sauran sa'o'in shekara kuma fa?

LAMBOBI UKU

Kowace tashar iska tana da lambobi uku. Ta farko ita ce ta allo, wadda muka faɗa.

Ta biyu ita ce abin da tashar ta tara a shekara. Shekara tana da awa 8,760. Da a ce tashar megawat 10 za ta yi aiki da cikakken ƙarfi ba tsayawa, da ta tara awa-megawat 87,600. Gonakin iska na kan tudu a yawancin ƙasashe suna tara tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi biyu cikin biyar na wannan adadi. Mu ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu don misali: tasharmu ta koma daidai da inji mai megawat biyu da rabi da ba ya tsayawa.

Dalilin wannan faɗuwa yana cikin halin iskar kanta. Ƙarfin da ke cikin iska yana bin gudunta ninki uku: gudu sau gudu sau gudu. Idan gudun iska ya ragu da rabi, ƙarfinta yana komawa kashi ɗaya cikin takwas. Injinan ba sa fara ba da wuta sai iska ta kai kamar mita uku zuwa huɗu a daƙiƙa, suna kai cikakken ƙarfi wajen mita 12 ko 13, idan kuma ta haura kamar mita 25 sai su tsayar da kansu don kada su karye. Wato iskar hadarin farkon damina, wadda ke kwashe kwanon rufi a Gwaram, ba a cin moriyar mafi ƙarfinta.

Wannan ninki uku yana sa kalmar "matsakaici" ta zama abin tsoro. A ce garuruwa biyu, kowanne matsakaicin gudun iskarsa mita biyar. A na farko kullum biyar ce, ba ta hawa ba ta sauka: biyar sau biyar sau biyar, 125. A na biyu rabin lokaci iska tana gudun goma, rabin lokaci kuma tsit: goma sau goma sau goma dubu ne, a raba biyu, 500. Gari na biyu ya ninka na farko sau huɗu a yawan ƙarfi, amma rabin rayuwarsa a duhu yake. A takarda kuwa duka biyun "mita biyar" aka rubuta musu. Duk rahoton da ya ba ka matsakaicin shekara kaɗai, bai gaya maka abin da mai injin niƙa yake son sani ba.

Lamba ta uku ita ce wadda na fi damuwa da ita: nawa za a iya dogara da shi a lokacin da kowa yake buƙatar wuta? A wurinmu lokacin nan sananne ne. Daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, musamman a watannin zafi na Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da kowace fanka da kowane firij suke kunne. Idan iska tana kaɗawa da ƙarfi da asubahin hunturu amma tana kwanciya da magaribar bazara, to lamba ta biyu za ta yi kyau, ta uku kuwa ta zama abin tausayi.

Kowa a nan ya san mai zubin adashe irin wannan. Wani makon ya zuba dubu goma, wani makon ko sisi. A ƙarshen shekara idan aka tara, ya fi kowa zubi. Amma uwar adashe mai hankali ba za ta ɗora kwasar ranar bikin 'yarki a kansa ba. Za ta duba littafi ta ga, a makonnin da aka fi matsuwa, nawa ya saba kawowa. Wannan shi ne darajarsa a wurin alƙawari.

YADDA MASANA KE AUNA ALƘAWARI

Injiniyoyin lantarki sun daɗe da wannan littafin uwar adashe, tun kafin a fara maganar iska. Tambayarsu ita ce: a cikin shekara, awa nawa ake sa ran buƙatar jama'a za ta fi abin da tashoshi za su iya bayarwa? A Amurka an daɗe ana aiki da ma'aunin rana ɗaya a cikin shekara goma. A Birtaniya ma'aunin awa uku ne a shekara. Farfesa Roy Billinton na Jami'ar Saskatchewan a Kanada yana cikin waɗanda suka shafe rayuwarsu a wannan fanni, kuma littattafansa ne ake koyar da injiniyoyi da su a ƙasashe da dama.

Da tashoshin gas da na kwal, lissafin yana da sauƙi, saboda kowane inji lalacewarsa tasa ce. A ce kana da janareto goma, kowanne yakan ƙi tashi sau ɗaya a cikin goma. Yiwuwar duka goman su ƙi tashi a lokaci guda ita ce ɗaya cikin biliyan goma. Yawa yana ba da kariya. Injinan iska 37 a fili ɗaya kuwa kamar gonaki 37 ne a ƙauye ɗaya: idan fari ya zo, tare yake kama su. Wanda ya lissafa su kamar janareto 37 masu zaman kansu zai samu amsa mai daɗin ji, kuma ba daidai ba ce.

Don haka aka sauya hanya. Ana ɗaukar bayanan iska na awa bayan awa, na shekaru da yawa, a jera su kusa da bayanan buƙatar wuta na waɗannan awoyin dai, domin yanayin da ke kwantar da iska sau da yawa shi ne ke ƙara zafi da buƙata. Sai a sa kwamfuta ta "rayu" shekara guda: ta jefa ƙuri'a a kan wane inji zai lalace a wace rana, wane layi zai tsinke, sannan ta ƙirga awoyin da wuta ta gaza. Ta sake wata shekarar da wata ƙuri'a, ta sake, har sau dubbai. Ana kiran dabarar da sunan Monte Carlo, garin nan da ya shahara da gidajen caca. Daga dubban shekarun nan na gwaji ake fitar da amsa: awa kaza na ƙarancin wuta a shekara, da kuma girman ƙarancin idan ya zo.

Daga nan ake auna darajar gonar iska. A yi lissafin babu ita, a rubuta awoyin duhu. A saka ta, awoyin duhu su ragu. Sai a riƙa ƙara buƙata kaɗan-kaɗan har awoyin duhu su koma yadda suke da farko. Ƙarin buƙatar da aka iya ɗorawa, shi ne ainihin alƙawarin da gonar ta ɗauka. Wani injiniya mai suna Garver ya fito da wannan tunani a 1966. Kusan ko'ina aka gwada shi a kan iska, amsar tana fitowa ƙasa da lambar allo nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani abu da aka lura da shi: gonakin farko sun fi daraja. Duk lokacin da aka ƙara wasu a yanki ɗaya, darajar kowane sabon megawat tana raguwa, tunda dukansu tare suke barci. Maganin shi ne a warwatsa su nesa da juna, kamar manomin da ke da gona a tudu da wata a fadama.

TO MU FA?

A nan ne nake rabuwa da masu son a kwafo tsarin Turawa a manna mana. Ma'aunin rana ɗaya a shekara goma an yi shi ne don ƙasar da wuta take nan kullum, ɗaukewarta ce labari. Mu kawowarta ce labari, har yara suna ihu. Najeriya tana da tashoshin da lambar allonsu ta haura megawat 13,000, amma abin da ke hawa babban layi ko a ranar da ta fi kowace kyau bai kai 6,000 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Wato matsalar allo da kwan fitila mun riga mun san ta da gas da ruwa, ba iska ce za ta kawo mana ita ba. Bisa ƙirgar jaridu, babban layin ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma a 2024, alhali babu wata iskar a-zo-a-gani a kansa.

Abu na biyu, ba a ma san ainihin buƙatarmu ba. Abin da mita ke nunawa shi ne abin da aka ba mu, ba abin da za mu sha ba da an ba mu. Mai walda da ya koma aikin dare saboda sai dare ake kawo wuta, da mai shagon da ya fasa sayen firij, duk ba sa cikin lissafin. Idan aka zuba waɗannan bayanai a kwamfuta ba gyara, za ta auna alƙawarin iska a kan buƙatar da ba tamu ba.

Abu na uku shi ne waya. A ƙauye irin namu, mafi yawan duhun da muke sha ba daga tasha yake farawa ba. Turke ne ya faɗi a ruwan farko, taransifoma ce ta ƙone ana karo-karo, ko kuma an raba wuta layinmu bai samu ba. Kenya ta koyi wannan darasi da tsada. Ta gina gonar iska ta tafkin Turkana, injina 365, megawat 310, a ɗaya daga cikin wuraren da suka fi iska a duniya. An gama kafa injinan a 2017, amma layin da zai kwashe wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, sai a ƙarshen 2018 ya kammala. A tsakanin nan ƙasar ta biya kuɗin wutar da ba wanda ya sha. Duk ƙiyasin da ya tsaya a bakin tasha, bai biyo waya har Kiyako ba, rabin ƙiyasi ne.

Muna da namu ma'aunin, ko da ba mu ɗauke shi da wannan ido ba. Tsarin da hukumar NERC ta raba masu shan wuta a kansa alƙawarin awoyi ne: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Tambayar da ta dace da mu ke nan: idan aka kafa gonar iska a yankin da KEDCO ke rabawa, wato Kano da Katsina da Jigawa, awa nawa za a ƙara wa layin Gwaram, a wane wata, da ƙarfe nawa? Lita nawa ta gas ɗin janareto asibitin tarayya na Birnin Kudu zai daina saye? Wannan amsa ce da tsohuwa ma za ta iya tantancewa da idonta.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Na san wasu za su ce: "Malam, mu da ba mu da komai, ai ko ta awa biyu ce a kawo. Da babu gara ba daɗi." Na yarda da rabin maganar. Wutar iska ko da ba ta da alƙawari tana da amfani, musamman ga aikin da zai iya jira, irin shiƙar kakata: tura ruwa zuwa tanki, ban ruwan lambu, cajin batir. Tana da wani amfanin ma da ya fi wannan. Iskar hunturu tana zuwa ne bayan ruwan sama ya ɗauke. Duk awar da iska ta ɗauki kaya, ana iya rage sakin ruwa a Shiroro ko Kainji ko Zungeru, a ajiye shi don magaribar bazara. Madatsar ruwa ita ce tsabar jiya ta kakata. Haka Denmak take yi: fiye da rabin wutarta daga iska take, kuma tana cikin ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, saboda tana haɗe da Nowe da Suwidin masu madatsun ruwa, da kuma Jamus. Idan iska ta yi yawa ta sayar, idan ta kwanta ta saya.

Inda ban yarda ba shi ne a ce tunda muna cikin duhu, ba sai an auna ba. Talaka ya fi kowa buƙatar awo, domin kuɗinsa ba su isa a yi kuskure sau biyu ba. Kuɗin da za a kafa injin iska da su, su ne za su iya sayen sola da batir, ko su gyara layi, ko su sauya taransifoma hamsin. Idan ba a auna ba, da me za a zaɓa?

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren suke: "Iska shirme ce, ba ka ga abin da ya faru a Texas ba?" Mu duba abin da ya faru ɗin. A Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya jefa miliyoyin gidaje cikin duhu a Texas, hukumomin jihar suka ƙirga mutum 246 da suka mutu. Wasu injinan iska sun daskare, gaskiya ne. Amma binciken hukumomin tarayyar Amurka ya nuna kaso mafi girma na wutar da aka rasa daga tashoshin gas ne, saboda rijiyoyi da bututu da na'urori sun daskare tare. Masu lissafi sun ɗauki tashoshin gas kamar janareto goma masu zaman kansu, ashe su ma gonakin ƙauye ɗaya ne. Wannan darasi namu ne kai tsaye, don mafi yawan wutar Najeriya daga gas take, kuma bututu ɗaya idan aka fasa, tashoshi da yawa ke yin shiru.

A Kudancin Ostireliya kuma, ranar 28 ga Satumbar 2016, guguwa ta kayar da manyan turakun layi, wasu gonakin iska suka janye kansu saboda yadda aka saita na'urorin kariyarsu, jihar gaba ɗaya ta faɗa duhu. Ba su tumɓuke injinan ba. Sun gyara saitin, a 2017 suka kafa babban batir mai megawat 100 a Hornsdale, suka ci gaba da ƙara iska. Abin da wannan ya koyar shi ne akwai tambaya ta biyu bayan tambayar isar wuta: idan wani abu ya faɗi farat ɗaya, layin zai iya tsayawa da ƙafarsa a cikin daƙiƙoƙin farko? Layinmu yana tafiya ne a kan bugu 50 a daƙiƙa. Manyan injinan Kainji da Egbin, saboda nauyin ƙarfen da ke juyawa a cikinsu, suna riƙe wannan bugu na ɗan lokaci idan an samu girgiza. Injinan iska na zamani da sola suna haɗuwa da layi ne ta na'urorin lantarki, ba sa ba da wannan riƙo sai an tsara su don haka, ko an haɗa su da batir. Layin da ya saba faɗuwa da ƙaramar girgiza, dole a yi masa wannan lissafi kafin a ɗora masa iska mai yawa.

ABIN DA NAKE SO A YI A JIGAWA

Dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofa su tsara kasuwar wutarsu. Maƙwabta ma suna motsi. Senegal ta buɗe gonar Taiba N'Diaye a 2020, injina 46, kusan megawat 159. A Nijar an sa hannu a 2022 kan shirin gonar iska ta Tarka a jihar Tawa, kuma yanke musu wuta da Najeriya ta yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna musu haɗarin rataye gida a kan waya ɗaya. Ko ba jima ko ba daɗe, wani zai zo Dutse da kyakkyawan hoto na fankoki a kan dutse da lamba mai ƙiba a ƙasansa. Ina so ya tarar da mu a shirye.

Na farko, a auna iskar kafin a sayi ko ƙusa. A kafa dogayen sandunan awo a tsayin da fiffiken injin zai zauna, a wurare daban-daban, ɗaya a yankin duwatsun Birnin Kudu da Gwaram, wasu a filayen arewacin jihar. Iskar da ke kaɗa rigarka a ƙasa daban take da wadda ke sama da mita tamanin, musamman da dare. A yi awon aƙalla shekara guda cur, shekara biyu ta fi, don a kama hunturu da bazara da kuma kwanakin nan na ƙarshen damina da ko ganye ba ya motsi. Kuɗin wannan aiki ƙanƙane ne idan aka gwada da kuɗin inji ɗaya.

Na biyu, a saki bayanan ga kowa. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Bayero su samu abin yin bincike na gaske a kan ƙasarsu. Abin da aka ɓoye a ofis, mai kwangila kaɗai yake amfana.

Na uku, duk mai kawo tayi ya rubuta lambobi ukun nan a shafin farko, ya kuma faɗi abin da zai riƙe wuta idan iska ta yi kwana uku a kwance: batir ne, sola ce, ko babban layi. A sa ƙurar hunturu a lissafi, da tsaro, da kuma tambayar da Lambar Rimi ta bar mana: idan ƙaramin ƙarfe ya lalace, daga ina za a kawo shi, wa zai ɗaura, da wane kuɗi? Injin da ke jiran kayan gyara wata shida, ko iska ta kaɗa kamar me, sifili yake bayarwa.

Mu kuma masu riƙe alƙalami muna da namu kason. Da yawanmu muna rubuta labarai a shafukan jaridu na intanet, wasu suna fassara sanarwar gwamnati, wasu suna shirin rediyo. Mu ne muke ɗauko "megawat kaza da zai haskaka gidaje dubu kaza" mu miƙa wa jama'a ba tare da tambayar da ƙarfe nawa zai haskaka su ba. Idan alƙawarin bai cika ba, mutane ba sa cewa lissafi ne aka yi ba daidai ba. Cewa suke yi fasahar ce ƙarya, sai a rufe ƙofar abin da da zai amfane mu har tsawon wani ƙarni.

Da zan koma majalisar daren nan, ga abin da zan faɗa. Ƙanena, fankokin da kake so suna iya zuwa, amma ba za su raba mu da babban layi ba, sai dai su rage masa kaya, kuma sai an auna za a san ko duwatsunmu sun dace da su. Baba, gaskiyarka iska ba ta ɗaukar alƙawarin gobe da ƙarfe bakwai, amma wanda ya rubuta halinta awa bayan awa na shekaru zai iya faɗin abin da za ta yi a shekara, kamar yadda kake sanin watan da za ka yi shuka ba tare da ka san ranar da ruwa zai sauka ba.

Waɗanda ke Katsina, musamman mutanen Rimi da Charanchi, ina son jin abin da idonku yake gani idan kun bi ta wurin: fankoki nawa ke juyawa, kuma a wane lokaci na rana? Injiniyoyin da ke cikinmu kuma, inda na karkace a miƙar da ni. Sai mun haɗu a mako mai zuwa da wanda juyi ya faɗa kansa.